Wada za a tada layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda, in da gaske muna son jirgi shi iso Sakkwato

Duk lokacin da kakar siyasa ta kama sai an yi muna alkawalin jirgin ƙasa zai shigo Sakkwato, a tafa, a watse, shike nan sai wani zaɓen. To jama'a mu fara da abin da ke ƙasa tukuna. Dogo bai taɓa isowa birnin Shehu ba, ko zamanin Turawa. Abin da sunka yi shi ne sun ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya je ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, tsawon fiye da kilomita 200, kuma ba don son mu anka yi shi ba, don gyaɗa da auduga da fata da kirgi ne su samu hanyar sauka Ikko. Lokacin Gusau da Ƙaura duk ƙasar Sakkwato ce, sai 1996 anka cire Zamfara. Wanga layin shi ne mafi kusa da mu, kuma ya daɗe kwance babu jirgin da ke zirga-zirga kai. Ni a nawa ganin duk mai son jirgi ya zo Sakkwato to ya fara da neman a tada wanga, don babu wanda zai ja maka sabon layi daga bakin wanda ya mutu. Abin da zan bayyana nan shi ne yadda ake bin aikin, ko ku ƙungiyar 'yan kasuwa ne, ko matasa, ko wani ɗan majalisa da ke son ya yi abin da za a tuna da shi.

Abu na farko ku san wa ke da layin. Na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, NRC, wadda anka kafa da dokar 1955, dogon da filin da ke gefe da gefe da tashoshi da kwatas ɗin ma'aikata duk nata ne, har kamfani gare ta na musamman mai kula da filaye da gine-ginen reluwe. Dauri ko gwamna na so ba shi da ikon taɓa harkar jirgin ƙasa, ta tarayya ce zalla. Amma a watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya maida jirgin ƙasa cikin abubuwan da jiha ma za ta iya yi ma doka. Mutane da yawa sun ɗauka wannan na nufin gwamna zai iya karɓe tsohon layi, a'a, tsohon layi na nan hannun tarayya, abin da ya canza shi ne jihohi na iya gina nasu ko su zauna da NRC a yi yarjejeniya su zuba kuɗi. Kuma layin nan jihohi uku ya ratsa, Kaduna da Katsina da Zamfara, mu Sakkwato da Kabi masu cin moriya ne daga nesa, saboda haka ƙungiyar da ba ta da mutanen Funtuwa da Gusau da Ƙaura ciki wallahi ɓata lokaci take, takardarku za ta isa Abuja a ce ina ruwan Sakkwato da layin da bai taɓa ƙasarta ba.

Kafin ku rubuta ma kowa takarda, ku nemo kaya. Nan ne mafi yawan masu wagga fafutuka ke faɗuwa, kowa tunaninsa jirgin fasinja mai iyakwandishan irin na Abuja zuwa Kaduna, a ɗauki hoto a sa Facebook. Kuɗin tikitin fasinja ba ya riƙe layi a karkara, kaya ke riƙe shi, shi ya sa ma anka gina shi tun asali. To ku zauna ku yi lissafi na gaskiya, tirela nawa ke fita Kalambaina da siminti kowace rana kuma ina suke zuwa, tirela nawa ta taki ke shigowa gabanin damina, tankar mai nawa, shanu nawa ake lodi a Kara da Achida da Illela zuwa Kudu kowane mako, hatsi nawa ke tashi Funtuwa da Gusau. Ba a ofis ake samun wanga lissafi ba, sai kun je tasha kun zauna da 'yan kamasho da sarakunan dillalai da shugabannin masu lodi, su ne ke da littafin, wani ma a kansa yake. Tirela guda buhu 600 na siminti take ɗauka, ton 30 ke nan, tarago guda na tsohon layi kusan haka yake ɗauka, to jirgi mai tarago ashirin ya cire tirela wajen ashirin daga hanyar Gusau da direba guda da mataimakinsa. Wanga shi ne harshen da ma'aikatar sufuri da banki ke ji.

Amma ku yi hattara da albasa. Kowa in an ce kayan Sakkwato albasa yake fara kirawa, ta Goronyo da Wurno da Gada da Aliero, gaskiya ne tana da yawa, sai dai ita ba ta jira. In anka loda ta cikin rufaffen tarago na ƙarfe watan Afrilu, jirgi ya kwana biyu Zariya yana jiran kan jirgi, to ruwa za a sauke Ikko ba albasa ba, kuma mai ita ba zai sake kawo ko buhu ɗaya ba, zai kuma gaya ma duk kasuwa. Sai an samu tarago mai shan iska da jadawalin da ba ya saɓawa sannan a yi maganarta. A fara da kayan da ba su lalacewa, siminti, taki, masara, waken suya, gishiri. Sannan akwai maganar lodi biyu, wanda ya ɗauko kaya Sakkwato ya yi tafiyar kilomita wajen 200 zuwa Gusau a mota, ya biya 'yan dako su sauke, ya biya su loda tarago, can ma a sauke a sake sa mota, in kuɗin jirgi bai yi ƙasa ƙwarai ba zai ce gara tirelar ta wuce kawai. Haka nan tarago in ya sauka Kudu cike ya dawo wayam asara ce, dole a san mi zai dawo da shi. Tashar tsandauri da anka yi Funtuwa tana da amfani nan, don kwantena na buƙatar dogo, ku jawo masu ita cikin tafiyar tun farko. In kunka samu manyan masu kaya uku ko huɗu sunka rubuta a takarda cewa in jirgi ya dawo za mu ba shi ton kaza duk wata, wannan takardar ta fi sa hannun mutum dubu goma nauyi.

Sai duba layin kansa, kuma da ƙafa ake yi, ba daga cikin mota ba. Injiniyoyi ke yin na hukuma, amma ƙungiya na iya yin nata na share fage da izinin NRC, ku nemo tsofaffin ma'aikatan reluwe da sunka yi ritaya a Gusau da Zariya, irin dattawan da sunka yi shekaru suna bin dogo da guduma da sifana, su san inda ruwa ke cin layi duk shekara ba sai an buɗe taswira ba, a girmama su a biya su. A raba layin gunduwa-gunduwa, kowane kilomita a rubuta abin da anka gani a ɗauki hoto da wayar da ke nuna wuri. Abin da ake dubawa ba dogon ne farko ba, ƙarfe na jure shekaru, tsatsar sama ba komai ba ce. Ka sauka ƙasa ka duba kwalbati. Ka tsuguna ka leƙa cikinta, in ka hango haske ɗaya gefen to da sauranta, in ko yashi da leda da kara sun toshe ta, ka tabbata ruwan damina ya daɗe yana taruwa yana jiƙa tudun da anka ɗora layin kai, ka zagaya bayan za ka ga ƙasa ta zaizaye, wani wuri ma dogon na reto a iska babu komai ƙarƙashinsa. Ka taka tsakuwar da ke tsakanin ƙarafan gicciye, waɗanda ma'aikata ke ce ma silifa, in tana ƙara tana motsi ƙarƙashin takalmi lafiya, in ta haɗe da laka ta zama kamar daɓe har ciyawa ta fito to ta mutu, ba ta tsane ruwa, sai an kwashe an tace ko an zubo sabuwa. Sannan ka duba mahaɗa, inda dogo biyu sunka gamu ana ɗaure su da faranti biyu na ƙarfe da noti, su ɓarayi ke fara kwancewa don sun fi sauƙin ɗauka, sai maƙalan da ke riƙe dogo jikin silifa. A auna faɗin tsakanin dogayen biyu, milimita 1,067 ya kamata a samu, in ya buɗe ƙafar jirgi faɗawa take ciki. Gadoji kuwa kar wanda ya yi musu karambani, na injiniyan gada ne, sai ya duba ƙafafunsu inda ruwa ke ƙwaƙule ƙasa da ƙusoshin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya.

Tunda na ambaci ɓarayi, maganar nan ba ta ɓoyuwa, 'yan gwangwan sun yi ma layukan dogo na ƙasar nan mugun ta'adi, kullum ana kama tirela shaƙe da yankakken dogo da silifa za a kai kamfanin narka ƙarfe. Duk ranar da ta wuce layi na kwance raguwa yake. Saboda haka tun kafin a samu ko sisi na gyara, a je wajen hakimai da dagatai da masu unguwannin da layin ya ratsa, ranka shi daɗe ga abin da muke nema, kowane gari ya san yankinsa amanarsa ne, a haɗa da Sibil Difens da 'yan sandan reluwe, a kuma ja kunnen masu sayen ƙarfe na cikin gari don su ne kasuwar. Wanga mataki kusan kyauta ne kuma ya fi kowane gaggawa.

Filin layi kuma wata rigima ce. Inda jirgi ya daɗe bai wuce ba mutane gini suke, shaguna, gareji, masallaci, wani gida sukutum, wani ma da takardar da wani ya sayar masa. A doka filin na reluwe ne, amma in kunka zo da katafila rana ɗaya kun yi ma aikin maƙiya a kowane gari. Safiyo ya fito da iyaka a kafa alama, a ƙirga waɗanda abin ya shafa, gwamnatin jiha da ke da iko da ƙasa ƙarƙashin dokar 1978 ta ba su wani wuri, a ba da wa'adi na hankali. Kasuwannin da sunka zauna kan dogo a nema musu matsuguni kusa, don su ne gobe za su ci moriyar tashar.

Daga nan sai babbar tambaya wadda ba a son yi, a gyara tsohon siriri ko a tumɓuke a yi sabon mai faɗi. Sababbin layukan da anka yi, Abuja zuwa Kaduna a 2016, Itakpe zuwa Warri a 2020, Legas zuwa Ibadan a 2021, da na Kaduna zuwa Kano da Kano zuwa Maraɗi da ake kan yi, duk masu faɗin milimita 1,435 ne, jirgin wanga ba ya hawa wancan ko kusa. Masu cewa a yi sabo suna da hujja, can ƙasar ta dosa. Amma kuɗinsa ninkin-ba-ninkin ne, sai an ciyo bashi waje, kuma mun ga shekarun da ake ɗauka. Ni ina bayan a gyara tsohon a fara jan kaya ko da gudun kilomita 40 ne a awa, siminti ba ya sauri, da sharaɗin duk gada da kwalbatin da za a sake a yi su da faɗi da ƙarfin da za su ɗauki sabon layi gobe. An taɓa yin irin haka, tsohon layin Legas zuwa Kano an gyara shi jirgi ya dawo a ƙarshen 2012 bayan shekaru yana kwance. Darasin da ke ciki shi ne gyara ba tare da kuɗin kulawa na kowace shekara ba komawa yake. Kuma ku lura, reshe ba ya rayuwa in uwar ta mutu, in babban layin da ya tashi Zariya zuwa Kaduna da Minna har Ikko ba ya aiki to kayan Gusau Zariya za su tsaya, dole a nemi ko dai a tabbatar da wancan ko a gina wurin juye kaya daga ƙaramin tarago zuwa babba a Zariya.

Maganar tsaro ba sai na gaya ma ɗan Sakkwato ba, duk mai bin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau ya san da addu'a ake wucewa, kuma ba mu manta harin 28 ga Maris 2022 kan jirgin Abuja zuwa Kaduna ba, da ya tsaida jirgin har Disamba. Wanga ma wani dalili ne na farawa da kaya, 'yan bindiga mutane suke nema, buhun siminti ba a neman fansarsa. Jirgi ya riƙa tafiya da rana kawai, 'yar motar duba layi ta riga shi wucewa, da jami'an tsaro, da rediyo tsakanin direba da tashoshi don akwai wuraren da babu sabis, a sare dajin da ke gefen layi a riƙa hangen nesa. Leburorin aikin a ɗauke su garuruwan da layin ya bi, wanda ke cin abinci jikin dogo shi ne zai fara kawo rahoto in ya ga an taɓa shi. Kuma ba dole a buɗe duka rana ɗaya ba, Zariya zuwa Funtuwa tukuna, in ya zauna a ƙara zuwa Gusau, sannan Ƙaura.

Kuɗi fa? Hanya ta farko kasafin tarayya ta ma'aikatar sufuri, nan ne sanatoci da 'yan majalisar wakilai na jihohin nan biyar ya kamata su haɗa kai, kuma ku sani sa abu cikin kasafi daban sakin kuɗin daban, sai an bi. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kowa na iya rubuta ma ma'aikata ya tambayi nawa anka ware ma layin kaza, wa anka ba kwangila, nawa anka biya, doka ta ba su kwana 7 su amsa, ba kullum suke amsawa ba amma takardar da anka buga ma hatimin karɓa makami ce a gidan rediyo. Ku fara da tambayar ko an taɓa ba da kwangilar gyaran wanga layin a baya da inda ta kwana. Hanya ta biyu gwamnonin su yi karo-karo, ga kuma hukumar raya Arewa maso Yamma da anka kafa a 2024, irin aikin da ya ratsa jihohi ai nata ne. Ta uku a ba ɗan kasuwa jingina ya gyara ya ja kayansa na wasu shekaru, wannan sai ta bi ta hukumar ICRC mai sa ido kan irin wagga yarjejeniya. Kowace anka bi sai an yi binciken tasirin aikin ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta ce, da cikakken nazarin riba da asara, a nan cibiyar koyon fasahar sufuri ta NITT da ke Zariya da jami'o'inmu na iya taimakawa, ba sai an ɗauko Bature ba.

In aiki ya tashi a bi shi da tsari, sharar daji, magudanan ruwa da kwalbatoci, gadoji, tudun layi, tsakuwa, silifa, dogo, sannan wuraren kaucewa inda jirgi biyu za su wuce juna tunda layi ɗaya ne, da mararrabar dogo da titi a sa shinge da mai gadi. Fentin tasha shi ne na ƙarshe, in kunka ga ɗan kwangila ya fara da fenti da allon sanarwa to ku san inda anka dosa. Aikin ƙasa da rani ake yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya, duk kwalbatin da ba a gama ba kafin ruwan Yuni sai a sake ta. Ɗaurin dogo kuma a kula da zafinmu, ƙarfe miƙewa yake in rana ta buga, in ba a bar 'yar tazara a mahaɗa ba watan bazara sai ka ga layi ya lanƙwashe. Bayan an gama a fara gwaji da kan jirgi shi kaɗai a hankali, sannan da tarago cike da tsakuwa, a bar layin ya sha damina guda ana jan kaya kafin a ce fasinja bismilla. A kuma yi ta shela a masallatai da kasuwanni da rediyo, don akwai yaran da sunka girma suna wasa kan dogon ba su taɓa ganin jirgi ba, ga makiyaya da ke ƙetarawa da shanu.

Abin na ɗaukar lokaci, kar a ruɗe ku. A Sikotilan akwai layin da anka rufe a 1969, mutanen yankin sunka kafa ƙungiya a 1999, sai 2015 jirgi ya dawo kan wani sashe na kilomita wajen 50 daga Edinbura, can ma da ke da kuɗi ke nan. Saboda haka ƙungiyar ta zama mai rajista da sakatare da ma'ajin takardu, wadda ba ta jingina da jam'iyya ba, don gwamnati za ta canza sau da yawa kafin a gama.

Mu kuma nan gida akwai abin da gwamnatin Sakkwato za ta iya yi yanzu ba sai ta jira Abuja ba, tunda doka ta ba ta dama. A sa safiyo su fitar da hanyar da layin zai bi in an tashi ƙaro shi, ko daga Gusau ta Talatar Mafara, ko daga Ƙaura, har cikin gari da reshe zuwa Kalambaina da Illela bakin iyaka, a yi gazet a hana ba da fuloti kai, a keɓe filin tashar kaya bayan gari tun ƙasa na da araha. Wadda ta Talatar Mafara ta fi bin garuruwa masu kasuwa kuma tana kusa da babban titi, tsaronta zai fi sauƙi, ni ita zan so a fara aunawa.